Ɗiyana Ta Ce, Ba Ɗiyata Ba

Zuwa ga Babban Manajan tashar talabijin ɗin da ta haska fim ɗina na matan kan iyaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan kana lafiya kai da iyalinka, ina neman afuwa da na fito da wannan magana bainar jama'a. Na zo ofishinka har masu gadi suka gane babur ɗin da ke sauke ni, kullum sai a ce kana taro. Tunda taron ya ƙi ƙarewa, bari in same ka a nan.

Sunana Bello, ɗan Illela ne ni ta jihar Sakkwato. Ba ka san fuskata ba, amma ka san fim ɗina, domin na ga hotonka kana murmushi a ƙarƙashin sunansa.

Na farko, ranka ya daɗe, ya kamata ka san daga inda fim ɗin ya fito. Ina ƙarami aka kawo majigi filin makarantarmu, aka nuna yadda ake tace ruwan sha. Sauran yara sun koma gida sun manta, ni kuwa abin ya shiga raina ya zauna. Na yanka mutane da raƙuma da kwali, na ari tocilar babanmu, sai farin ƙyalle ya gagare ni. Mahaifiyarmu, Inna, tana tuyar ƙuli-ƙulin da take kaiwa Birnin Ƙonni ta Nijar, ta ga ina ta zagaya ɗakinta. Ta ciro farin mayafinta na zuwa Idi ta miƙo mini, ta ce, "Mi ka hana ka tambaya? Ɗauki, amma in ka ɓata shi kai ka wanki." A jikin wannan mayafi na fara nuna fim, 'yan kallona kuma Inna ce da ƙanwata Hadiza da awakin gidanmu.

Daga nan na bi masu ɗaukar biki ina riƙe musu waya, har na iya riƙe kyamara. Na ɗauki suna a Tozai, na ɗauki walimar saukar Alƙur'ani a Darna, na sha rana a kasuwa ina ɗaukar tallar shagunan mutane. Ba wanda ya tsaya mini, ba kuma wanda na yi wa fadanci. Da na samu tawa kyamarar, na san abin da zan fara ɗauka: tsofaffin matan da suka ƙare rayuwarsu suna ƙetare iyaka da kaya a ka, Inna a kan gaba.

Na biyu. Ina da yaya, Umaru, ɗan canji ne, mutum mai zafin zuciya da kishin gida. Ranar da ya tarar na kafa kyamara a gaban Inna, ya ce na rasa abin da zan kai kasuwa sai uwarmu. Inna ta ce ita ta ba ni izini. A nan bakinsa ya kuɓuce, ya ce mata tsufa ya taɓa mata hankali. Ya kwashe kayansa ya koma Ƙonni, kunya da taurin kai suka haɗu suka hana shi dawowa. Da ciwo ya kwantar da Inna, kullum cewa yake gobe zai zo. Ranar da ya zo, mun riga mun dawo daga maƙabarta.

Tun daga lokacin Umaru bai sake zama mutum ba. Ya daina ɗaga wayata, ya rame, abokan sana'arsa suna ce mini sai ya riƙe sefa a hannu ya manta me ake jira ya yi da ita. Abu ɗaya ke cinsa, wato uwarsa ta tafi da fushinsa.

Ni kuwa na san ba ta tafi da shi ba. A zamanmu na ƙarshe gaban kyamara, bayan ta gama labarin kasuwa, sai ta ce, "Abin nan naka na kunne? To riƙe wagga magana. Na yahe ma ɗiyana." Ta faɗa tana duban arewa, wajen Ƙonni.

Na uku, kuma nan ne aikinku ya shigo. Da ma'aikatanku suka karɓi fim ɗin, sun ce sai na ba su asalin faifan da katunan kyamara gaba ɗaya, wai don ingancin hoto, suka kuma sa na yi alkawarin ba zan tura wa kowa ko ƙyallinsa ba kafin ranar haskawa. Kwamfutar da na yi aikin da ita ta aro ce, mai ita ya karɓi abarsa ya share. Na ba su amana, na cika alkawarina. Ba wanda ya gaya mini cewa a wani zama da kuka yi an yanke hukuncin Hausarmu ba ta fita a talabijin. Daga baya na ji cewa har kwaikwayon "mi" da "wanga" aka riƙa yi a ɗakin haɗa sauti ana ƙyaƙyata dariya. Kuka cire muryoyin tsofaffin nan duka, kuka ɗauko 'yan mata masu zaƙin baki suka ɗora nasu a kai.

Gwaggonmu ce ta sha wahalar lallashin Umaru har ya yarda ya zauna gaban talabijin a Ƙonni ranar da kuka haska. Na aika masa cewa ya jira ƙarshen fim, akwai saƙonsa. Ya jira. Fuskar Inna ta fito, ta dubi arewa, leɓɓanta suka motsa, sai muryar wata yarinya da ba ta kai jikarta ba ta ce, "Na yafe wa 'yata."

Yallaɓai, bari in koya maka abin da ma'aikatanka masu digiri ba su ga dalilin tambaya ba. A wurinku ɗiya 'ya mace ce. A wurinmu, in tsohuwa ta ce ɗiyana, tana nufin duk abin da ta haifa, maza da mata. Da Hadiza take nufi, ɗiyata za ta ce. Lambar wayata tana hannunku, kun kira ni a kanta lokacin da kuke son hotona na talla. Kira ɗaya ya isa. Amma wa zai tambayi ɗan ƙauye ma'anar maganar uwarsa?

Hadiza ba ta taɓa ɗaga wa Inna murya ba, kowa ya sani. Don haka abin da Umaru ya ji shi ne uwarsa ta zaɓi wadda ba ta yi mata laifi ba ta yafe mata a gaban duniya, shi kuma ta tsallake shi da gangan. Washegari na ƙetara na same shi, na rantse masa da Allah. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Na jiya da kunnena. Hadiza tay yahe ma, ban da ni. Kai ɗan fim na, shirya ƙarya sana'akka ta."

Na huɗu. Na garzayo wurinku in karɓi asalin sautin in kai masa. Bayan dogon yawo aka miƙo mini faifaina a cikin leda. Na buɗe, na tarar da tallar sabulun wanki. An ce wuri ya yi ƙaranci, aka goge abin da ke ciki, katunan kuma ba wanda ya san inda suka shiga. Wanda ya miƙo mini har yana ba ni haƙuri da cewa ai na tashar ya fi fita tsaf. Ina jin zafin wannan magana har yanzu, kuma ban yafe ta ba.

Ga buƙatuna, ba su da yawa. Ka sa a bincika kowace kwamfutar tasharka, ko Allah zai sa muryar Inna ta maƙale a wani lungu. In ba a samu ba, ka turo wanda ya saurari asalin sautin kafin ya goge, ni zan ɗauke shi a babur har Ƙonni, ya dafa Alƙur'ani ya gaya wa Umaru abin da kunnensa ya ji, in har dariya ta bar shi ya ji wani abu. Sannan ku daina haska wannan fim da sunana a kai. Wanda na yi, tsofaffin Illela ne ke magana a cikinsa.

Ban zo neman a kori kowa ba, lambar yabon da aka ce kuna shirin ba ni kuma ku ba yarinyar da ta yi muryar, ita ta yi aikin.

An gaya mini mahaifiyarka tana raye. Allah ya ƙara mata lafiya, ya ja kwananta, ya ɗaukaka kujerarka. In ranar rabuwa ta zo, Allah ya sa kana kusa, ka ji yafiyarta daga bakinta, da irin Hausar garinku, ba tare da wani ya gyara maka ita ba. Yayana bai samu haka ba, kuma har yau yana zaune a bakin kasuwar Ƙonni yana jira.

Wassalam.

Bello mai ɗaukar fim,
Illela.