Ranar da Malam Ya Faɗi, Littafin na Gida

Zuwa ga Shugaban kwamitin da ke ba masu horar da motsa jiki takardar shaida.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, sunana Sadisu, ɗan Dagumawa ne ni, ina horar da mutane a wani ƙaramin gidan motsa jiki a Wudil. Karatuna ya tsaya a aji uku na sakandare. Na daɗe ina haƙuri da maganar nan, tsoro ne ya sa na rubuto.

Na ɗaya. Bara na ci jarrabawarku, wadda ake yi a waya, littafi a buɗe, ba mai sa ido. Ban yi maguɗi ba. Kowace tambaya sai na ɗauki kalma guda, na bi littafin da yatsa har na ci karo da ita, na kwafe. Ashe nemo shafi kawai na iya.

Na biyu. Ranar wata Laraba bayan la'asar, wani dattijo malamin jami'a da nake horarwa yana tuƙa keken motsa jiki. Na ga leɓensa ya sauya launi, na ga yana murza kafaɗarsa ta hagu, gumin ma ba irin na kullum ba. Duk na gani, amma ban san fassararsa ba, har cewa na yi ya daure ya ƙara minti biyu. Da ya faɗi, abin da ya zo mini shi ne amsar tana wajen ƙarshen littafi, gefen wani hoto. Littafin kuwa na gida. Mai kemis na maƙwabta ne ya taimake shi har aka kai shi asibiti.

Na uku, wanda ya fi tayar mini da hankali. Malam ya samu sauƙi, likita ya ba shi izinin motsa jiki kaɗan-kaɗan, kuma ya aiko cewa wajena zai dawo, tunda ni ne mai satifiket. Ko a kasuwar Juma'a na hango shi, sauya hanya nake.

Roƙona, ranka ya daɗe, a sake jarraba ni, littafi a rufe, mai sa ido a tsaye a kaina. A tambaye ni da Hausa, da baki, a kwantar da mutum a gabana a ga me hannuna zai yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In na faɗi, gara ni na faɗi a gabanku da wani ya sake faɗuwa a gabana.

Satifiket ɗin dai na cire shi daga bango. Ƙusar na nan, ina jiran amsarku kafin Malam ya dawo.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora.

Wassalam.
Sadisu, Wudil.