Wanda Ya Hana Baba Sukari

Zuwa ga Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ƙafar nan taki mai ciwo. Ina su Kawu da yara? Allah ya sa kowa ƙalau.

Gwaggo, ki zauna kafin ki karanta. Ƙaninki yana asibiti da karyayyen hannun dama, hannun da yake riƙe aska da shi. Yana magana, yana cin abinci, kada ki tayar da hankalinki. Amma ni raina a ɓace yake, kuma Yaya ne sila.

Kin san tun da aka ɗora Baba kan allurar ciwon sukari yake ajiye alewa a aljihun teburin shagonsa, kusa da almakashi. Likita ne ya ce ya ajiye, saboda allurar kan sa sukarin jiki ya faɗi ƙasa warwas idan mutum ya makara bai ci abinci ba. To, Yaya ya zo ya gani, ya kwashe tas, wai Baba yana kashe kansa a ɓoye. Bai tsaya nan ba, ya bi layin shago-shago, mai shayi, tela, mai gyaran takalmi, ya ja musu kunne cewa duk wanda ya ba Baba abu mai zaƙi, shi da shi ne. Kin dai san Yaya, da ya sa rigar ofis sai ya ɗauka ya fi likita sani.

Ranar da abin ya faru mutane sun yi wa Baba yawa, bai samu ya ci komai ba. Zufa ta karyo masa, jiki ya hau rawa. Ya buɗe aljihun tebur, wayam. Ya lallaɓa wurin mai shayi yana roƙon cokali ɗaya na sukari, mutumin ya ba shi haƙuri, ya ce ɗansa ya hana. Baba fa, Gwaggo, da furfurarsa, yana roƙo a titi! Da maganarsa ta fara sarƙewa sai suka ɗauka rigimar tsufa ce. A bakin kwalbati ya faɗi.

Da likita ya yi bayani, ko gezau Yaya bai yi ba. Cewa ya yi shi da alheri ya yi nufi. Wallahi ban yafe ba.

Ki gaida kowa.
'Yarki, Auta.

Gwaggona,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da addu'a. Ya ƙafa? Kina shafa maganin kuwa, ko kin jefa shi bayan gado yadda kika saba?

Kin ce in yi haƙuri, yayana ne. Na ji, amma saurari sabon salo. An cire wa Baba filasta, hannun ya warke, sai 'yar rawa da yake yi da safe. Shi ke nan Yaya ya samu abin faɗa. Ya karɓe makullin shago, ya ce Baba ya gama aski har abada, har ya yi magana da wani mai sayar da wayoyi zai ba shi wurin. Shi ya jefa shi a rami, shi ne kuma yake cewa ba ya iya tafiya.

Kullum Baba yana zaune a ƙofar ɗaki yana wasa askarsa a jikin fata, ya goge, ya mayar kube. Jiya na same shi yana aske wa kabewa gashin da ba ta da shi, wai yana gwada hannu. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata. Idan aka raba shi da shagon nan, ba ciwon sukari ne zai kashe shi ba.

Mai shayi ya zo har gida yana hawaye, shi na yafe masa. Na kuma shirya wani abu da shi da tela. Kada ki tambaye ni, don za ki hana.

Taki har kullum,
Auta.

Gwaggo ta kaina,

Da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gida. Yau da daɗi nake rubuto miki.

Na tare Yaya a gaban shago ranar da ya kawo mai wayoyi ganin wuri, layin kuma cike da mutanen da tela ya gayyato. Na ce tunda ya ce hannun Baba ya mutu, ya zauna a kujera a gwada a kansa. In Baba ya yanke shi ko ƙwarzane ne, makulli na Yaya ne. In bai yanke shi ba, ya ajiye. Ya waiga hagu da dama, ido ya yi masa yawa, dole ya zauna.

Kafin mu fito na ciyar da Baba ya ƙoshi, na gwada sukarinsa da na'ura, daidai yake, ga alewa cike da jakata. Yaya bai san wannan ba.

Baba ya ɗaura masa ƙyalle, ya shafa kumfa, ya ɗora aska a maƙogwaronsa. Shagon da zafi, ga jama'a sun toshe ƙofa, sai zufa ta fara tsattsafo wa Baba a goshi. Yaya ya hango ta a madubi. Gwaggo, da kin ga idonsa! Ya kasa motsa wuya, sai ta gefen baki yake kiran mai shayi, a kawo sukari, don Allah a kawo sukari. Mai shayi ya naɗe hannu ya ce ai ɗan Baba ne ya hana.

Ya juyo da ido wajena yana roƙo. Na san zufar zafi ce kawai, kalma ɗaya ta isa in kwantar masa da hankali. Na yi shiru, na bar shi ya roƙa, ya sake roƙa, a gaban mutanen da Baba ya roƙa. Allah ya yafe mini, daɗi na ji har cikin raina.

Baba ya gama aski sumul, ko ɗigon jini babu. Sai a lokacin mai shayi ya kawo ruwan sukari a kofi. Baba ya karɓa, ya dubi ɗansa da ke karkarwa a kujera, ya miƙa masa, ya ce ya shanye, yau shi ya fi buƙata.

Makullin yana aljihun Baba, alewa ta koma kusa da almakashi. Ni da Yaya har yanzu ba ma magana, kuma ba na gaggawa.

A gaida su Kawu.
'Yarki mai taurin kai, Auta.