Kwaɗon Kantin Sauƙi a Zaurena

Tambuwal, daren Talata

"Yaya, muddin ina numfashi, Kantin Sauƙi ba ya rufewa." Haka Alhaji Garba, ƙanen marigayi maigidana, ya ce mini shekarar samun mulkin kai, ranar da na ba shi zauren gidana ya buɗe reshe. Lokacin har daga ƙauyuka ake zuwa sayen atamfa da fitila, don ba mai araharsa. Rassa fuɗu ya yi. Yau na Kebbe da na Dogon Daji sun mutu, zaurena kuwa wata uku ke nan da kwaɗo, ba kowa ciki sai ɓeraye.

Jiya aka haifa mini jika. Ina maza za su zauna ranar suna? Mu kanmu ta wajen turken awaki muke shiga gida.

Na rubuta wa Alhaji Garba ya aiko da mabuɗi, ya amsa wai, "Ki ƙara haƙuri, kaya na bisa hanya." Sau biyu na karanta, ba zancen mabuɗi.

Na ba shi zuwa Juma'a, saukowa daga masallaci. In mabuɗi bai iso ba, maƙeri zai ɓalle kwaɗon nan, katakon da yake jera kaya kuma da shi za mu dafa tuwon suna.