Dawar Sunkuye Ta Rage Dami Ɗaya

Zuwa ga ɗana Mai-sunan-Malam, a Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Mu nan da godiya. Ƙanwarka Hajara ta sauka lafiya a Tafoki, an samu ɗiya mace. Baffanka Sale yana nan garau. Kakarka Inna Kulu ce ba ta jin daɗi, idon ya rufe gaba ɗaya tun kaka. Ni kuwa gwiwar ce, sauran jiki da sauƙi.

Kada ka yi mamakin rubutun, hannuna ne. Na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata a gidan Mai Unguwa, don na gaji da kai wa mutane maganar cikina su rubuta maka. Inda ka ga harafi ya karkace, ka yi haƙuri.

Buhun shinkafar da ka aiko ya iso, da rediyon. Allah Ya yi albarka. Na zazzage buhun har ƙasa ina neman 'yar takarda, ban samu ba. Damina uku ke nan rabona da takardarka.

Maganar iri ce ta sa na zauna rubutu.

Ka san garin nan dawa ce ta ba shi suna. Kakan kakanku Tanko ya taso daga wajen Kankara a shekarar yunwa, ba shi da komai sai zangarniya ɗaya a cikin burgami. Ya sare dajin nan ya shuka. Da ta nuna sai kanta ya sunkuya don nauyi, matafiya suka riƙa cewa za su yada zango wurin mai dawar sunkuye. Ka ji inda aka samu Unguwar Sunkuye.

Lokacin da aka kawo ni gidan nan, mutane daga Ruwan Godiya, har daga Sabuwa, suna zuwa a kan jaki neman irin. Ba a taɓa sayar da shi ba. Kakanka Malam yakan damƙa wa mutum da hannu biyu, ya ce, "Ka kai ta gida, in ta haihu ka ba wani."

Ka tuna ranar zaɓen iri? Mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, yana bin gona kafin a sa lauje, yana ɗaga kan kowace zangarniya kamar mai duba fuskar jariri. Kai kana riƙe da igiya. Wadda ya zaɓa a rataye ta saman murhu ta sha hayaƙi. Yana ɗaurewa yana jero sunayen waɗanda suka noma ta: Tanko, sai Bawa, sai Malam, sai shi. In ya zo ƙarshe sai ya dafa kanka.

Shekarar fari mutane suka cinye irinsu, ban ga laifinsu ba. Ni na ɓoye namu a tulu na liƙe bakin da laka, muka ci tafasa da dusa. Da ruwa ya dawo aka raba gajerar dawa ta gwamnati da takin zamani, kowa ya karɓa. Samari kuma duk kun bi motocin kudu. Na aika Yankara ran kasuwa a tambaya, na aika Faskari. Babu mai ita. Dami ɗayan da ke rataye a madafina shi ne ya rage.

Iri ba ya jira, ɗana. Bara na jiƙa ƙwaya ashirin a tsumma, sha huɗu suka tsiro. Bana na sake, shida. In damina mai zuwa ta wuce ba a binne shi ba, ya mutu.

Na roƙi Baffanka. Ya ce doguwar dawa tana cin wata shida, ba shi da hannun da zai yi mata noma uku. Ya yi magana da wani Alhaji daga Funtuwa mai tarakta, zai karɓi gonar ya zuba masara. Baffan naka ya ce zai jira ka zuwa Mauludi, daga nan ba ruwansa. Na gwada ɗaukar fartanya da kaina a bayan gida, ban kai ƙarshen kunya ɗaya ba.

Ban ce ka bar aikinka ba. Damina ɗaya nake roƙo.

A bayan littafina na makaranta na rubuta sunayen nan huɗu, yadda mahaifinka yake jero su. Malamarmu ta tambaya me ya sa na bar layi na biyar fili. Na ce mata ɗan fari ne, bakina bai taɓa kiran sunansa ba, hannuna ma ba zai fara ba. Ban gaya mata ɗaya dalilin ba: wanda bai shuka ta ba, ba a sa shi a layin.

Ga ƙwaya shida na ƙulle a cikin takardar nan. In ka buɗe ka shinshina, za ka ji hayaƙin madafina.

Allah Ya tsare min kai a inda kake, Ya kare ka daga sharrin hanya da na ruwa, Ya karkato da zuciyarka gida. Ka ba ni amsa kafin Mauludi, ko da kalma ɗaya ce. In "a'a" ce ma ka rubuto, zan iya karantawa da kaina. Sai in san ko in sauke damin nan in daka, in yi wa Inna Kulu tuwonsa na ƙarshe.

Ni ce mahaifiyarka,
daga Unguwar Sunkuye.