Kaza da 'Ya'yanta a Cikin Bututu

Zuwa ga Abdulbasit,

Salamu alaikum. Ya aiki, ya Fadima da yaran? Mu nan Makoda lafiya lau, an gama cirar gyaɗa.

Saƙonka ya iso. Maganar asibitin ido a bar ta. Shekarata saba'in, ba mai sa min wuƙa a ido. Ina ganin tukunyata, ina ganin hanyar rijiya, me ya rage? Kar ka turo mota. In ka ga rubutun ya yi manya-manya, biron ne.

Innarka,
Sakinatu

Zuwa ga Abdulbasit,

Salamu alaikum. Ina fata kowa lafiya, kuma tarin Fadima ya yi sauƙi.

Ban kira ka a waya ba don gidan nan kunne ya yi yawa. Ranar Laraba wasu malaman jami'a suka zo filin firamare da wani bututu mai ƙafa uku, wai na kallon taurari ne. Babbarsu mace ce, Malama Aina'u. Ta nemi wanda ya san sunayen taurari na da, dagaci ya ce tun da babanku ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai ni.

Bayan isha'i na je. Na gaya musu yadda Malam babanku yake duba Kaza da 'Ya'yanta, in ta fara faɗuwa da wuri ya ce a gyara gona, ruwa ya kusa. Suna ta rubutawa kamar ina karatun alƙali. Aka ce in nuna ta, na miƙa hannu saman kukar gidan Madu. Aka yi ta tafi, wai tsohuwa ido kamar shaho.

To ƙarya ce. Shekara uku rabona da ganin ta. Na dai san nan take fitowa a wannan watan. Biron ma lafiyarsa ƙalau.

Malamar ta kama kafaɗata ta sa idona na dama a bakin bututun. Da fari hayaƙi kawai. Ta yi ta murɗa wani abu. Abdulbasit, sai ga su. Dishi-dishi, amma ga su. Ni shida na sani tun ina yarinya. Na ƙirga ashirin na ɓata lissafi, na sake, na sake ɓatawa. Ta ce sun haura dubu, kuma hasken da ya shigo idona ya fi shekara ɗari huɗu yana tafe. Ban yi mata musu ba. Tafiyar shekara ɗari huɗu, ya iso har Makoda, ya tarar da ƙofa a rufe saboda ina tsoron wuƙa. Ikon Allah kenan. Sai da aka taɓa ni, wai akwai layi a bayana.

Ban yi kuka ba, kar wani ya faɗa maka haka. Yanar idon ce take ruwa.

Za su dawo bayan wata uku, suna son sauran sunayen, kuma matan unguwa sun ce in koya wa 'ya'yansu. Ba zan sake nuna abin da ba na gani ba. Ka turo motar ran Asabar, a cire yanar nan. Kar ka tsaya jan ƙafa, Kaza ba ta kaiwa damina.

Ka gai da Fadima.

Innarka,
Sakinatu