Ƙwaryar Goggo Dije

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke duk muna lafiya. Damina ta yi albarka, jikokinki sun yi wayo. Dalilin wasiƙar nan, na yi ɓarna ne na kuma gyara, ina so ki ji daga bakina.

Kin san halina. Ke kika ce Baba na gado, wanda in ya jiyo labari a masallaci tuwo ba ya wuce masa sai ya fesa wa mutum uku. Yaya Hajara kuwa ke ta biyo. Har yau a Rano rediyonta na kan taga, ba ta ɗaukar magana sai ta ji ta a labaran rana, ta sake ji da yamma. Ni tun da babbar waya ta shigo hannuna, a nan nake kwasar labari, kuma ina son a ce ni na fara kawowa.

Wata safiya aka turo min muryar wani mutum, ba suna ba gari, yana ta rantsuwa wai masu tallan nono suna zuba wani farin gari mai lalata ƙoda. Ban ma gama saurara ba na tura wa guruf ɗin matan unguwarmu a nan Kibiya, har da ƙarin "a kula da yara". Ji nake na yi aikin lada.

Ko kaɗan ban tuna da Goggo Dije ba, Bafulatanar rugar bayan Fammar da ta shekara da shekaru tana sauke ƙwarya a tsakar gidanki, ki ba ta ruwa, ta yi miki gyara. Kin san gida-gida take bi, don matan aure ba kasuwa suke zuwa ba. Cikin mako guda, duk inda ta yi sallama sai a amsa daga ɗaki a ce an ƙoshi.

Yaya Hajara ce ta kira ni. Ta tambaye ni wa ya kwanta, a wane asibiti, wa ya gani da idonsa. Na ce ban sani ba. Ta ce ai bara ma muryar ta zaga, da sunan wani gari daban. Ta tuna min abin da kike yawan faɗa, magana zarar bunu ce.

Na yi sabuwar murya na ce ƙarya ce, a yafe min. Mutum biyu suka amsa. Ta farkon kuwa har can garin Zurgu ta kai.

Ran nan Goggo ta shigo gidana bayan azahar, ƙwarya a cike. Ba ta da waya, ba ta san me ake ciki ba. Cewa ta yi ta ɗauka tun da kika rasu ne garin ya daina saninta. Inna, na yi kuka, kunya kamar in nutse. Na faɗa mata gaskiya duka.

Washegari na nemi izinin maigidan, na zura hijabi na bi ta talla. Kowane gida muka shiga sai in karɓi ludayi in sha a gaban matan, in ce ni na turo, ni kuma na zo ƙaryatawa. Kafin mu gama layinmu cikina ya yi tim, Goggo tana dariya wai in rage mata na sayarwa.

Ba zan ce miki na canza hali ba, har yanzu yatsana na ƙaiƙayi. Sai dai yanzu Yaya Hajara nake fara tura wa, ita kuma ta shanya ni har gobe, kafin nan zafin ya huce. Gida biyu har yau ba sa saya, wannan a wuyana yake. Amma jiya na hango Goggo ta nufi hanyar Fammar tun rana ba ta take ba, ƙwarya wayam, tana tafe tana kaɗa hannu. Raina fes na kwana.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki kurakuranki, ni kuma ya kama min bakina da yatsana. Amin.

Taki har kullum,
Autarki, Bilki