Ciwon Aro

Litinin, 3 ga Maris

Yau na samu aiki, da tsufana. Jikata Gajera (ta fi ni tsawo yanzu, amma sunan ya riga ya bi ta) ta gama karatun likita, saura jarrabawa guda a ba ta lasisin duba marasa lafiya. Ba ta rubutu ba ce. Ɗakuna ne a jere, kowanne da mutumin da aka koya wa ciwon ƙarya, ga babban likita a gefe yana ba da maki. Ka shiga, ka gaisa, ka yi tambaya, ka duba, ƙararrawa ta kaɗa, ka wuce na gaba. In ta faɗi sai baɗi, gurbin da asibiti ya ajiye mata kuma a ba wani.

Ba za ta faɗi ba.

Ni ne majinyacin gwaji. Ubanta kullum yana shago, uwarta kuwa ana taɓa mata ciki sai dariya. Ni ga lokaci, ga karatu, takardar ciwon da kaina zan karanta. Allah ya jiƙan malaminmu na ajin yamma.

Laraba, 5 ga Maris

Mun ture keken ɗinkina gefe, muka shimfiɗa katifa a kan dogon benci. Yau ciwon ƙirji aka ba ni. Na dafe, na yi nishi, na juya ido. Sai ga Tsohuwa, matata, a guje daga kicin da ludayi a hannu, tana salati. Da ta gane, ta ce in ji tsoron Allah. Gajera tana share hawayen dariya: “Kaka, ciwon ƙirji aka ce, ba naƙuda ba.”

Asabar, 8 ga Maris

Sai Gajera ta fita ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka haife ta. Ta wanke hannu, ta ce, “Sannu Baba, ni ce likitar da za ta duba ka, ka ba ni izini?” Na ce na san likitar nan tun ba ta da haƙori. “Kaka, don Allah!”

Amma aiki yana kyau. Tana cewa me ke damunka, nake jero mata: inda yake ciwo, tun yaushe, abin da na ci, maganin da nake sha, har ciwon da ya kashe uban mutumin. Kafin ƙararrawar wayarta ta kaɗa ta faɗi sunan cutar, mu zauna muna hira. Na gaya wa mai aski ya fara shirin gaishe ni da kakan likita.

Talata, 11 ga Maris

Jiya hanta, yau ƙoda. Tsohuwa ta ce saura a ba ni ciki wata tara.

Alhamis, 13 ga Maris

Ƙawarta mai tabarau ta zo, wadda ta ci jarrabawar bara, ta zauna a matsayin mai ba da maki. Na saki jiki na yi mata ciwon ciki mai kyau. Da muka gama, cikin ladabi ta ce, “Baba, kai ne za ka yi jarrabawar ko ita?”

Ashe mutanen can ba sa faɗin komai sai abin da aka tambaye su. Haka ake koya musu.

Ta ce in tashi, ita ta kwanta. Gajera ta ce me ke damunki. “Ciki.” Shi ke nan, ta rufe baki. Gajera ta tsaya tana jiran sauran. Ba saura. Ta waiwayo ta kalle ni. Ta yi tambaya nan, ta tsallaka can, ta manta da magani, ta manta da amai, ƙararrawa ta kaɗa ba ta gano komai ba.

Ba ta ci abincin rana ba.

Jumma'a, 14 ga Maris

A ajin yamma ni ne mai fara ɗaga hannu. Abin da ka haddace ka faɗe shi duka, har aya, malam ya ce a tafa maka. Da wannan na zo. In Gajera ta kakare kuma ina ɗaga mata gira, ko in ɗora hannu daidai wurin. Ina ce taimako ne.

To, an gane. Lokaci bai ƙure ba, kuma kan yarinyar nan yana ja. Za ta ci.

Lahadi, 16 ga Maris

Sabuwar doka: fuska kamar bango, amsa daidai tambaya.

Wallahi ya fi ɗinkin babbar riga wuya. Mutumin yau yana shan maganin ciwon jiki barkatai, shi ya ci masa ciki. Maganar tana kan harshena, ita kuma tana ta zagaye tana danna min haƙarƙari. Na cije leɓe na kalli rufi. Ƙararrawa.

“Kaka, ka sani fa!”

Na ce ba ki tambaya ba, likita. Ta jefe ni da matashin kai. Tsohuwa ta ce mugunta ta same ni a tsufa.

Laraba, 19 ga Maris

Ta samo wani salo. Sai ta ce, “Akwai wani abu kuma?” ta yi shiru tana kallona. Ba ta gaggawa, ba ta waiwaye. Shirun ya yi ta tsawo har jikina ya fara ƙaiƙayi. Yau ciwo uku na yi mata, duka ukun ta gano.

Asabar, 22 ga Maris

Mai tabarau ta kawo takardar fusataccen majinyaci, tsohon da ya ƙi yarda mace ƙarama ta duba shi. Na ce a ba ni wata. Ta ce irin wannan ɗakin ne ya kayar da mutane bara.

Na yi. Na ɗaga murya a gidana, a kan jikata. Na ce, “Ki fita ki kira min likita na gaske, ba yarinya ba.” Tsohuwa tana bakin ƙofa, ta riƙe haɓa.

Idon Gajera ya kaɗa. Na ce a raina shi ke nan, zan tashi in rarrashe ta, jarrabawa ta ci kanta. Sai ta jawo kujera ta zauna daidai fuskata. “Baba, na ga ranka a ɓace. Gaya min abin da ya faru kafin in shigo.” Babu Kaka a muryar ko kaɗan. Na nemi Gajerata a fuskar nan, ban same ta ba.

Duk abin da ke takardar sai da na faɗa. Ba kyauta na ba ta ba, ita ta zaro shi.

Bayan sun fita na zauna na zuba wa keke mai. Ba ya bukata.

Talata, 25 ga Maris

Farar rigar ni na goge, na ƙara wa maɓallan zare. Gajera ta tafi jarrabawa da safe.

Ta dawo da yamma ƙafa a kumbure. Wai ɗaki guda tana jin ta ɓata, sauran sai yadda Allah ya yi. Ta ce ta haɗu da wani tsoho mai taurin kai, “amma bai kama ƙafarka ba, Kaka.”

Za ta ci. Na dai kasa cin abinci, zafi ne ya yi yawa.

Alhamis, 10 ga Afrilu

TA CI! Ta ci, ta ci. Alhamdu lillahi.

Na fita titi da takalmi ƙafa ɗaya. Na gaya wa mai aski, na gaya wa mai gyaran babur, na gaya wa wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanya kawai. Tsohuwa tana kuka tana dariya, wai ita ta raine ta. Na ce ni kuma na yi mata hanta da ƙoda.

Litinin, 14 ga Afrilu

Ta fara aiki. An mayar da benci tsakar gida, keke ya koma wurinsa. Ɗakin ya yi faɗi.

Da ta dawo ta ga yadda na miƙe daga kujera. Ta ce, “Kaka, lafiya?” Na ce ƙalau. Ta ajiye jaka, ta zauna, ta yi shiru tana kallona.

Gwiwa ce. Ta daɗe. Tsohuwa ta yi mita har ta gaji, ni kuwa ban taɓa zuwa asibiti don wani ya ce in je ba. Na miƙa ƙafar in ga ko za ta duba, ta ce a'a, likita ba ya duba ɗan gida. Gobe in je wurin abokin aikinta, kuma in faɗa masa komai ko bai tambaya ba.

Na ce zan yi tunani.

Rigata ta zuwa unguwa dai na fitar, don ta sha iska.